Mashigar Manhaja: Tarihin Inda Kwamfuta Ke Fara Bin Umarni

Mashigar manhaja ita ce gurbin da kwamfuta ke fara bin umarni daga gare shi a duk lokacin da aka tayar da wata manhaja, kuma a yawancin harsunan gina manhaja da ake koyarwa a yau, irin su C da C++ da Java da Go da Rust, wannan gurbi yana zuwa ne a siffar wani sashen aiki mai suna main. Abin da ake nufi da sashen aiki shi ne tarin umarni da aka ɗaure wuri guda aka raɗa masa suna, ta yadda za a iya kiran sa daga wani wuri ya yi abin da aka rubuta shi dominsa, sannan ya mayar da ragama ga wanda ya kira shi. Manhaja mai girma takan ƙunshi dubban irin waɗannan sassa, kowanne yana jiran kira, don haka tilas a sami guda ɗaya wanda za a kira daga waje, wanda daga gare shi sauran kiraye-kirayen za su ɓullo. Matsayin mashiga a manhaja kamar na zaure ne a gida, domin a nan ake karɓar saƙon da ya zo daga waje, kuma ta nan amsa ke fita.

Masarrafa, wato ɓangaren kwamfuta da ke zartar da umarni, ba ta san wani suna ba, adireshi kawai ta sani, wato lambar gurbi a cikin ma'adanar kwamfuta. Sunan main yarjejeniya ce tsakanin marubucin manhaja da harshen da ya yi rubutu da shi da kuma babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kuma tarihin mashiga tarihin wannan yarjejeniya ne: wa ke riƙe da farkon aiki, me yake miƙawa, me kuma yake jira a dawo masa da shi.

Lokacin da farko adireshi ne kawai

A ranar 21 ga Yuni 1948 wata ƙaramar na'ura a jami'ar Manchesta ta Ingila ta gudanar da manhajar farko da aka adana a cikin ma'adanar lantarki, manhaja mai umarni 17 wadda Tom Kilburn ya rubuta. Da hannu aka shigar da ita, ana danna maɓallai, kuma da yake babu wata manhaja a cikin na'urar sai ita, tambayar inda za a fara ba ta da wuya, domin na'urar tana ɗaukar umarni ne bi da bi daga farkon ma'adana.

Sauyi na farko mai muhimmanci ya zo ne daga jami'ar Kambirij, inda na'urar EDSAC, wadda aka gina ƙarƙashin jagorancin Maurice Wilkes, ta fara aiki a watan Mayu 1949. David Wheeler ya tsara mata wasu umarni 31 waɗanda ke shiga ma'adana da kansu da zarar an danna maɓallin tayarwa, kuma aikinsu shi ne su karanto manhajar mai amfani daga tef ɗin takarda mai huji-huji, su juya haruffanta zuwa lambobin da na'ura ke ganewa, su jera ta a ma'adana, sannan su miƙa mata ragama. Daga wannan lokaci manhajar mai amfani ta daina zama abu na farko da ke gudana, ta koma abin da wata manhaja ke tayarwa, kuma har yau haka lamarin yake. Wheeler ne kuma ya fito da dabarar kiran sashen aiki da komowa daga gare shi zuwa inda aka tsaya, dabarar da shi da Wilkes da Stanley Gill suka yi bayaninta a littafinsu na 1951, kuma da zarar manhaja ta kasu zuwa mai kira da waɗanda ake kira, batun wane ne babba a cikinsu ya taso.

Farko na adireshi bai gushe ba, yana nan a ƙarƙashin kowace kwamfuta. Masarrafar Z80 tana farawa daga adireshi na sifili idan aka kunna ta, masarrafar 6502 kuwa tana duba gurabe biyu a can ƙarshen ma'adana ta karanto adireshin da za ta nufa. A kwamfutocin IBM PC na 1981 da magadansu na shekaru masu yawa, manhajar da ke manne a jikin na'ura ta kasance tana karanto bayit 512 na farkon faifai, ta zuba su a adireshin 7C00 a lissafin tushe goma sha shida, ta tsallaka can ba tare da tambayar sunan komai ba.

Daga adireshi zuwa suna

Harshen FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fitar a 1957, ya ba mutane damar rubuta lissafi cikin siffar da ta yi kusa da ta ilmin lissafi, sannan manhajar fassara ta juya shi zuwa umarnin na'ura. A 1958 FORTRAN II ya zo da damar rubuta sassan aiki daban-daban, a fassara kowanne shi kaɗai, sannan a harhaɗa su daga baya. A nan ne aka fara bambanta babban sashe da ƙananan sassa a fili, sai dai babban sashen ba shi da wata alama ta kansa: duk sashen da bai bayyana kansa a matsayin ƙaramin sashe ba, shi ne babba. Sai a ƙa'idar FORTRAN 77 aka tabbatar da kalmar PROGRAM don buɗe shi, kuma ko a nan ba a wajabta ta ba.

Harsuna da dama na wancan zamani sun ɗauki matsayi a rubutu a matsayin mashiga. A COBOL aiki yana farawa ne daga sashen rubutun da aka keɓe wa umarni, a BASIC na John Kemeny da Thomas Kurtz, wanda ya fito a 1964, yana farawa daga layi mai mafi ƙanƙantar lamba, a Pascal na Niklaus Wirth kuwa, na 1970, babban jikin manhaja yana zuwa ne a ƙarshen rubutu bayan an gama bayyana duk sassan da zai kira. Wasu harsuna biyu sun bi wata hanya dabam, wadda ita ce ta yi rinjaye daga baya, wato a ɗauki mashiga a matsayin sashen aiki kamar kowanne, a bambanta shi da alama ko da suna kawai. A PL/I na kamfanin IBM marubuci yana liƙa wa sashen da ya zaɓa alamar MAIN, a BCPL kuma, wanda Martin Richards ya ƙirƙira a 1967, sashen da ake fara kira sunansa START.

Harshen C da tsarin Unix

Ken Thompson da Dennis Ritchie na cibiyar binciken Bell Labs a Amurka sun san PL/I da BCPL tun daga aikin babbar manhajar Multics. Wajen 1969 Thompson ya tsamo harshen B daga BCPL, Ritchie kuma ya faɗaɗa shi ya zama C a farkon shekarun 1970, kuma a duka biyun sunan mashiga main ne. Da aka sake rubuta babbar manhajar Unix da C a 1973, sannan littafin Brian Kernighan da Ritchie ya fito a 1978 yana buɗewa da 'yar manhajar da ba ta ƙunshi komai ba sai main da umarnin buga gaisuwa, sunan ya bazu a jami'o'i da kamfanoni har ya zama abin da ɗalibi ke fara rubutawa.

Abin da ya ba main na C nauyi ba sunan ba ne, sharuɗɗan shiga da fita ne. Wajen shiga, sashen yana karɓar abu biyu: argc, wato adadin kalmomin da mai amfani ya rubuta a layin umarni, da argv, wato jerin kalmomin su kansu. Idan mutum ya rubuta cp wasika.txt kwafi.txt don ya kwafi fayil, manhajar cp za ta tarar da argc yana ɗauke da 3, gurbin farko na argv yana ɗauke da sunan manhajar kanta, na biyu da na uku kuma sunayen fayilolin biyu. Manhajar karɓar umarni ce ke yanyanka layin zuwa kalmomi, kuma a Unix ita ce ke maye gurbin alamar tauraro da sunayen duk fayilolin da suka dace kafin manhajar da aka kira ta ga komai, saɓanin MS-DOS inda aka bar wa kowace manhaja wannan ɗawainiya. Wannan rabon aiki ne ya sa ɗaruruwan ƙananan manhajojin Unix suke karɓar umarni iri ɗaya ba tare da marubutansu sun zauna sun shirya ba.

Wajen fita kuwa, main yana mayar da lamba guda ga wanda ya tayar da shi, kuma al'adar da ta kafu ita ce sifili na nufin an yi nasara, duk wata lamba kuma na nufin an sami matsala. Hikimar zaɓen a bayyane take, domin nasara iri ɗaya ce amma hanyoyin gazawa suna da yawa, kuma a Unix lambar da ke isa ga mai jira tana tsakanin 0 da 255. Manhajar grep, wadda ke neman kalma a cikin fayil, tana mayar da 0 idan ta samu, 1 idan ba ta samu ba, 2 kuma idan wani kuskure ya auku, kamar rashin fayil ɗin. Manhajar make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a 1976 don sarrafa matakan gina manhaja, takan dakata nan take idan wani mataki ya dawo da lambar da ba sifili ba. Wannan ƙaramar lamba ita ce ta sa manhajojin da ba su san juna ba suke iya aiki a jere, kuma marubucin da ya yi sakaci da ita yana cutar da duk wanda zai dogara da manhajarsa, domin gazawar da aka ba da rahotonta a matsayin nasara ta fi gazawar fili illa.

Ƙa'idar C ta farko, wadda hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da ita a 1989, ta tabbatar da siffa biyu na main, ɗaya marar karɓar komai, ɗaya mai karɓar argc da argv, kuma duka biyun suna mayar da lamba. Ƙa'idar 1999 ta ƙara da cewa idan aiki ya kai ƙarshen main ba a ambaci wata lamba ba, to sifili aka mayar. Ƙa'idar ta kuma ware manhajojin da ke gudana ba tare da babbar manhaja a ƙarƙashinsu ba, ta bar wa masu kayan aikin zaɓen sunan mashigarsu, shi ya sa zuciyar babbar manhajar Linux, wato ɓangarenta da ke gudana kai tsaye a kan na'ura, ba ta da main, sashenta na farko na C da kowace irin masarrafa ke tarayya a kansa sunansa start_kernel.

Abin da ke gudana kafin main da bayansa

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar main a matsayin umarni na farko da ake zartarwa, alhali kafin a iso gare shi an riga an yi aiki mai yawa. Idan aka tayar da manhaja a Linux, zuciyar babbar manhaja tana buɗe fayil ɗin, wanda ke cikin tsarin ELF, ta karanta kanun bayanansa inda aka rubuta adireshin mashiga ta ainihi, ta shimfiɗa sassan manhajar a ma'adana, ta ajiye kalmomin layin umarni inda za a same su. Idan manhajar tana dogara da taskokin sassan aiki da ke wasu fayiloli, kamar yadda yawancinsu suke, sai a fara miƙa ragama ga manhajar lodi, wadda ke nemo taskokin ta ɗaura su. Bayan haka ne ake tsallakawa zuwa wani ɗan guntun umarni mai suna _start, wanda marubuci bai rubuta ba, kayan fassara ne suka liƙa shi a jikin manhajarsa. Shi ne ke kiran taskar C ta shirya kanta, sannan daga ƙarshe a kira main. Ana ganin wannan tsari a fili idan aka manta ba a rubuta main ba, domin manhajar fassara ba ta ƙorafi, manhajar haɗi, wadda ke harhaɗa sassan da aka fassara, ita ce ke tsayawa tana cewa _start ya nemi wani suna da ba a samu ba.

A harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya gina a kan C, wannan mataki na share fage ya ƙara nauyi, domin abubuwan da aka bayyana a wajen kowane sashe ana gina su ne tun kafin main ya fara, kuma harshen bai ƙayyade wanda zai riga wani ba idan suna fayiloli daban-daban. Manhaja tana iya faɗuwa ke nan tun kafin a zartar da layin farko na main, kuma irin wannan kuskure yana da wuyar ganowa ga wanda bai san akwai aiki a bayan fage ba.

Komowa daga main ma ba shi ne ƙarshe ba. Ragama tana komawa ga taskar C, wadda ke kiran sassan da aka yi wa rajista domin rufewa, tana farawa da na ƙarshen rajista, sannan ta fitar da duk rubutun da ke jibge a wurin ajiya na wucin gadi bai kai ga allo ko fayil ba tukuna, kafin ta miƙa lambar fita ga babbar manhaja. Manhajar da ta tsallake wannan mataki ta fice kai tsaye tana iya rasa layukan ƙarshe na abin da ta rubuta.

Java, Python da mashigar da aka ɓoye

Zuwan manhajoji masu taga da linzami ya sauya abin da mashiga ke yi. A Windows mashigar irin waɗannan manhajoji sunanta WinMain, kuma aikinta shi ne ta buɗe taga sannan ta shiga wani zagaye na jiran saƙo, duk danna maɓalli ko motsin linzami ya zo mata ta tura shi ga sashen da ya dace, har sai an rufe tagar. Mashiga ta daina zama jerin matakai daga farko zuwa ƙarshe, ta koma wurin shiri da jira.

Harshen Java, wanda James Gosling da abokan aikinsa a kamfanin Sun Microsystems suka fitar a 1995, ya gaji sunan main amma ya saka shi cikin tsarin da komai sai ya zauna a cikin aji, wato zubin da ake ƙera abubuwan manhaja a kansa. Sakamakon shi ne layin nan da miliyoyin ɗalibai suka haddace kafin su fahimce shi, public static void main(String[] args), kuma kowace kalma a ciki tana da dalili. Ta farko tana buɗe sashen ga mai kira daga wajen ajin, domin manhajar da ke gudanar da Java ce za ta kira shi. Ta biyu tana ba da damar kiran sa ba tare da an ƙera wani abu daga ajin ba, tunda a daidai lokacin ba a ƙera komai ba tukuna. Ta uku tana nuna cewa ba ya mayar da lamba, kuma dalilin yana da alaƙa da yadda manhajar Java ke ƙarewa: tana iya tafiyar da layukan aiki da dama a lokaci guda, kuma ƙarewar main ba ta rufe ta muddin akwai wani layi na ainihi da bai gama ba, don haka lambar fita ana bayar da ita ne ta hanyar System.exit. Harshen Go, na 2009, ya zaɓi akasin haka, inda komowar main ke rufe manhajar nan take ko da sauran layukan suna tsakiyar aiki. Jerin args kuwa shi ne magajin argv, sai dai ba ya ɗauke da sunan manhajar, kuma ba a buƙatar argc domin jeri a Java ya san tsawonsa.

Python na Guido van Rossum, wanda ya fito a 1991, ya koma ga tsohuwar hanyar farawa daga layin farko na fayil, abin da ya haifar da wata matsala ta kansa, domin fayil guda yana iya zama manhajar da ake tayarwa yau, gobe kuma ya zama taskar da wata manhaja ke janyowa, kuma a duka halin biyu ana zartar da duk abin da ke cikinsa. Maganin da aka samu shi ne harshen yana saka kalmar __main__ a cikin wani gurbi mai suna __name__ idan fayil ɗin ne aka tayar kai tsaye, sai marubuci ya duba gurbin kafin ya fara aiki. Harshen bai wajabta wannan dubawa ba, amma al'ada ta mayar da ita kusan tilas.

A wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun akasarin masu wayar zamani daga Kano zuwa Maraɗi, marubucin manhaja ba ya rubuta main ko kaɗan. Yana bayyana shafukan manhajarsa ne a wani fayil na bayani, ya yi wa ɗaya alamar cewa shi za a buɗe idan aka taɓa tambarin manhajar, amma ana iya shigowa ta wasu ƙofofin, kamar ta sanarwa ko ta hoton da aka turo daga wata manhaja. Duk da haka main yana nan a cikin tsarin Android kansa, a wani aji mai suna ActivityThread, kuma shi ke kiran sassan marubucin idan lokacinsu ya yi. Haka abin yake a allunan Arduino, waɗanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, inda mai koyo ke rubuta sassa biyu, setup da loop, wani main da ba ya gani kuma ya kira na farkon sau ɗaya, ya riƙa maimaita na biyun har a yanke wuta, tunda a irin wannan na'ura babu babbar manhajar da za a mayar wa ragama.

A shekarun baya-bayan nan masu tsara harsuna sun mayar da hankali ga nauyin da siffar mashiga ke ɗora wa mai koyo a ranarsa ta farko, kuma ƙorafin yana da tushe, domin malamin da ya ce wa ɗalibi ya kwafi layi ya bar tambaya sai gaba ya fara koya masa rubuta abin da bai gane ba. Harshen C# na kamfanin Microsoft ya ba da damar rubuta umarni kai tsaye a fayil tun daga fitowarsa ta 9 a 2020, manhajar fassara kuma ta ƙirƙiri mashigar da kanta. Java ya gwada irin wannan sauƙi a fitowarsa ta 21 a 2023, ya tabbatar da shi a ta 25 a 2025, inda yanzu void main() kaɗai ya wadatar ba tare da bayyana aji ba. Manhajar da ke tayar da Java tana fara neman main mai karɓar jerin kalmomi, idan ba ta samu ba ta nemi marar karɓar komai, idan kuma wanda ta samu ba a yi masa alamar static ba, sai ta ƙera abu ɗaya daga ajin da kanta ta kira shi ta kansa.